Mai Maganin Japan Ba Ya Tambayar Aljani, Mutanen Gida Yake Tambaya

 

Ƴan uwa, tun bayan ƙaramar salla wata magana ke kai da kawo tsakanin ƙofar masallaci da zauren makaranta. Har ta kai wani dattijo daga cikin masu sahun gaba ya tare mu bayan la'asar, riƙe da salular jikansa, ya ce: "Malam, dubi abin da yaran nan ke kallo da dare. Bori ne tsagwaronsa, sai dai na Japan." Da muka taɓa zancen a ajin Nahawu kuwa, sai ɗalibai suka ce ai zane ne kawai, kuma wai har darasi akwai a ciki. Mu dai malamanmu sun hore mu da cewa ba a yanke wa abu hukunci kafin a san ko mene ne shi. Don haka muka sa wani ɗalibi ya zauna da mu dare huɗu, yana karanta mana fassarar Faransanci da ke gudu a ƙasan hoton, mu kuma muna tsayar da shi muna tambaya. Kashi 12 ne, kowanne bai kai rabin awa ba, kuma mun kai ƙarshensa.

Sunan shirin Mononoke. Kamfanin Toei Animation ne ya yi shi a shekarar 2007, wani mai suna Kenji Nakamura ya shirya. Kada a haɗa shi da fim ɗin Hayao Miyazaki na 1997 mai kama da wannan suna, wancan daban ne. A 2024 aka fito da sabon fim ɗinsa har ya hau Netflix, kuma ta nan ne ɗalibanmu suka koma suka tono tsohon.

Abu na farko da ke kama ido shi ne bai yi kama da zanen yara da aka saba gani ba. Kamar a kan tsohuwar takarda mai kaushi aka yi shi, irin zanen da mutanen Japan ke bugawa da katako tun ƙarnonin baya. Launi ya yi yawa har ya kusa gajiyar da mutum: ja, ruwan zinari, shuɗi, duk a bango guda. In za a sauya wuri sai ƙofofin takarda su zamo su haɗe, ƙwas, kamar an rufe ka a ɗaki. Tsoron da ke ciki ba na dodo ya faɗo maka daga duhu ba ne. Haske ne ko'ina, amma kana ji a jikinka cewa mutanen ɗakin nan akwai abin da suke ɓoyewa. Wallahi mun ga gwaninta, ba za mu hana su haƙƙinsu ba.

Jarumin wani mai tallar magani ne, ba a taɓa faɗin sunansa ba, yana yawo da akwati a baya. Duk inda ya sauka akwai wani abin tsoro da ya addabi mutane, shi ne suke kira mononoke. Yana da takobin da zai kashe abin, amma takobin ba ya fita daga kube sai an san abu uku: katachi, wato siffar abin, makoto, wato haƙiƙanin abin da ya faru, da kotowari, wato dalilin da ke cikin zuciya. Ɗaliban Larabci su ce sura da haƙiƙa da illa. Duk sanda aka gano ɗaya, sai wata ƴar fuska da ke kan takobin ta haɗa haƙoranta. To a nan ne muka gyara zama. Domin mai maganin nan ba ya tsayawa yi wa dodon tambayoyi. Juyowa yake wajen mutanen da ke ɗakin ya ce su faɗi abin da suka aikata.

Ku ji labarin farko. Wata mata mai suna Shino, da tsohon ciki, ta iso wani masauki cikin ruwan sama, ana bin ta za a kashe saboda cikin na ɗan maigidan da take yi wa aiki ne. Tsohuwa mai masaukin ta ce babu wuri, daga baya ta kai ta wani ɗaki na can sama da ba a ba kowa. Cikin dare sai muryoyin yara. A tatsuniyar mutanen arewacin Japan, wajen Iwate, akwai wani yaron ɓoye da suke kira zashiki-warashi, wanda suke cewa in yana gida arziki na nan, in ya fita gidan ya mutu. Wani masaninsu, Kunio Yanagita, ya rubuta labarinsa cikin littafin Tono Monogatari a 1910. Masu shirin sai suka ɗauki wannan yaron arziki suka juya shi: ashe masaukin nan a da gidan karuwai ne, ɗakin saman kuma nan ne ake zubar wa matan ciki don kada sana'a ta tsaya. Yaran da ake jin muryarsu su ne waɗanda aka hana zuwa duniya. Arzikin gidan a kan gawarsu aka gina shi. Ita kuwa Shino ba ta gudu ba, cewa ta yi za ta karɓe su ta haife su duka.

Da muka kai nan ɗalibin da ke mana fassara ya yi shiru, mu ma muka yi. Abin da ya faɗo mana a rai shi ne ayoyi na 8 da 9 na Suratut Takwir, inda Allah ya ba da labarin ranar da za a tambayi yarinyar da aka turbuɗe da rai laifin da ta yi aka kashe ta. Kuma ɗalibanmu na fiƙihu sun san mazhabarmu ta Malikiyya ce ta fi tsanantawa kan zubar da ciki, tun kafin kwana 40.

To amma dattijonmu bai yi ƙarya ba, kuma a nan ba za mu yi sassauci ba. Tushen shirin shi ne cewa ƙullin zuciyar ɗan Adam, ko baƙin cikin wanda aka zalunta, yana haɗuwa da wani abin ɓoye ya zama halitta mai ɗaukar fansa a duniya. Wannan ba aƙidarmu ba ce. Aljanu halitta ne daban, Allah ya halicce su daga wuta kamar yadda ya zo a Suratur Rahman, akwai muminai a cikinsu akwai kafirai, kuma ba daga fushin mutum suke tsirowa ba. Wanda ya mutu kuwa ya tafi, akwai shamaki tsakaninsa da duniya har ranar tashi, ku duba aya ta 99 da ta 100 a Suratul Mu'uminun. Abin ma ba sabo ba ne. Larabawan jahiliyya suna da irinsa, suna kiransa hama. Cikin bayanin da masu sharhin hadisi suka yi akwai cewa sun ɗauka in aka kashe mutum ba a rama masa ba, sai wata tsuntsuwa kamar mujiya ta fito daga gare shi tana kuka a kan kabarinsa har sai an zubar da jinin wanda ya kashe shi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore wannan, hadisin yana cikin Buhari da Muslim. Bambancin ba ƙarami ba ne. A wurinsu haƙƙin wanda aka zalunta yana hannun fatalwarsa. A wurinmu yana hannun alƙali a duniya, in ya kuɓuce wa alƙali yana hannun Allah. Sai kuma layun takarda da mai maganin ke mannawa a bango su tare dodo, da ƴan ma'aunansa masu nuna inda abin yake. Yaron da bai gama Ahalari ba, in ya saba ganin takarda tana tsare mutum da ƙarfin kanta, gobe ba zai ga aibun boka ba. Aya ta 6 a Suratul Jinni ta riga ta gaya mana abin da neman tsari wurin aljanu ke ƙara wa mutum.

Sai dai fa, jama'a, in muka tsaya a nan mun yi wa kanmu sauƙi da yawa. Akwai labari na uku da ya hana mu barci. Wata mata, Ocho, tana kurkuku tana jiran kisa, ta amsa da bakinta cewa ita ta kashe mijinta da danginsa. Mai magani ya tambaye ta da me ta kashe su, ta yaya, sai ta kasa faɗa. Ana ta warwarewa har aka gano ba ta kashe kowa ba sai kanta. Uwarta ce ta tarbiyyantar da ita tun tana ƙarama don buri ɗaya, ta auri gidan manya. Ta aura, aka mai da ita baiwar madafa, ana zagi ana hantara, ita kuma tana haɗiyewa don kada ran uwarta ya ɓaci, har ta wayi gari ba ta da fuskar kanta. Dodon marar fuska da ake nema, ita ce.

Shekarunmu nawa a limanci, sau nawa aka kawo mana irin Ocho? Amarya wata shida da aure, ta daina magana, ta daina ci, tana faɗuwa. Dangin miji su ce aljanu ne, Malam a yi mata ruƙiyya. Ba mu musun shafar aljani, kuma ruƙiyya da Alƙur'ani da addu'o'in da suka tabbata gaskiya ce. Amma ku dubi yadda wasu ke yin ta yanzu. A danne yarinya, a yi ta tsawa, a ce kai wane ne, wa ya turo ka? In wata murya ta fito ta ce kishiya ce, ko maƙwabciya, shi ke nan an samu hujja, zumuncin shekara talatin ya watse. Alhali a hadisin Abu Huraira da ɓarawon abincin zakka, wanda Buhari ya ruwaito, ko da Shaiɗan ya faɗi gaskiya guda sai da Annabi ya tunatar cewa shi maƙaryaci ne. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta hana mu karɓar labarin fasiƙin mutum ba bincike, ina ga muryar da ba mu san mai ita ba? Mun taɓa fitar da kowa daga ɗaki muka bar wata yarinya da gwaggonta kaɗai, muka ce, "Ƴata, me ake miki a gidan nan?" Ba za mu faɗi abin da ta ce ba. Amma ba aljani ne ya bar mata tabon da ke bayanta ba. Abin kunya ne a ce mai tallar magani na zane, wanda bai san Allah ba, ya fi wasunmu sanin wanda ya kamata a fara yi wa tambaya.

Mu malamai ma ba a ƙyale mu ba. A labarin jirgin ruwa akwai wani babban malamin addinin Buda, Genkei, wanda ya shekara 50 yana addu'a saboda ƙanwarsa da ta shiga wani kwale-kwale rufaffe aka sake ta a teku a madadinsa. Kowa na ganin tsoron Allah ne, a nasu addinin. Ashe abin da yake ɓoye wa kansa shi ne ya ji daɗi da ita ce ta tafi ba shi ba. Duk mai rawani ya ji wannan ya taɓa ƙirjinsa.

Labari na huɗu, na masu neman aure da gasar sansanar turaren wuta, bai kama mu ba. Wasa da hankali ya fi yawa a ciki, kuma sai wanda ya san al'adarsu ta turare zai ji daɗinsa. Mun wuce.

Na ƙarshe kuwa ya baro zamanin da, ya dawo wajen shekarun 1920, cikin jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa ranar buɗe sabuwar hanya. An kashe wata ƴar jarida, Setsuko Ichikawa, da ta bankaɗo cin hancin magajin gari, aka rubuta cewa ita ta kashe kanta. Mutanen da suka tsinci kansu a tarago guda kowa na da guntun abin da ya sani: direban da ya taka ta ya wuce, yaron da ya gani ya gudu, matar da ta ji amma ta yi shiru don kada nata asirin ya tonu, ma'aikaciyar shagon shayi da ta ba da shaidar da ba ta tabbatar ba. Yawancinsu ba su taɓa ta da hannu ba. Da muka tambayi ɗalibai wace aya ce wannan, wani ƙaramin cikinsu ya riga kowa: ta 283 a Baƙara, wadda ta ɗora zunubin ɓoye shaida a kan zuciya. Mun ji daɗin amsar nan fiye da yadda muka nuna masa.

Ga abin da muka gaya wa dattijonmu. Jikansa shekararsa 11, wannan shiri ba nasa ba ne. Akwai jini, akwai gidan karuwai, akwai kiɗa, akwai aƙidar da bai da abin tace ta tukuna, kuma a karɓe salular da dare ko da ba don wannan ba. Manyan ɗalibai da suka riga suka kalla, ba za mu ce musu sun yi bori ba, domin bori neman aljani ne da yi masa hidima, su kuwa labari suka kalla. Ba kuma za mu ce kowa ya je ya nema ba, wanda bai gani ba bai rasa komai na addininsa ba. Amma mun ɗora wa waɗanda suka gani aiki: kowa ya rubuto shafi guda da Larabci, ya ware abin da ya saɓa wa aƙida a labari ɗaya, da hujjarsa, sannan ya faɗi zaluncin da aka binne a labarin da hukuncinsa a shari'a. Za a karanta a zaure ranar Alhamis bayan isha'i.

Dattijon ya ce zai zo ya ji. Sannan da muka miƙe ya riƙe mana hannu, ya rage murya, ya ce akwai ƴar ƙaninsa da aka yi wa ruƙiyya sau uku a gidan mijinta ba sauƙi, ko za mu samu lokaci ranar Asabar. Muka ce a kawo ta gidan mahaifinta tukuna, kuma kada kowa daga dangin mijin ya biyo ta.