Jinjina ga Masu Shigar da Bayanan Aiken Kuɗi

A ƙasar Kurfai, yankin Filinge, gidaje da yawa da aiken 'yan ci-rani suke kaiwa damina. Da can direba ake damƙa wa kuɗin, a yi ta jira. Yau ɗan ci-rani yakan biya a Yamai ko Kwatano, mahaifiyarsa ta karɓa kafin la'asar. Asirin shi ne rumbun adana bayanai na kwamfuta da kamfanoni irin su Nita da Al Izza ke amfani da shi: kowane aike na da layinsa, mai ɗauke da sunan mai aikawa, sunan mai karɓa, adadin sefa da lambar sirri. Ma'aikaci ya duba katin shaida, ya buga lambar, layin ya fito. Da ya biya sai rumbun ya rufe shi, ba mai karɓa sau biyu.

Wasu na cewa na'ura ce ke aikin, kuma intanet na yankewa. Gaskiya yana yankewa, amma bayanin ba ya ɓata. Na'ura kuwa abin da aka ba ta take riƙewa: harafi ɗaya ya kuskure, tsohuwa ta koma gida hannu rabbana. Amanar tana yatsun ma'aikacin, don haka ya cancanci yabo.