Babin Buda a Littafin Paparoma

A cikin shekarar 1994 aka buga wani littafi na Paparoma John Paul na biyu, mai suna Crossing the Threshold of Hope. Wani ɗan jarida na Italiya, Vittorio Messori, shi ya rubuta tambayoyi, Paparoma ya amsa. Babi guda a ciki ya yi magana a kan Buda, watau Gautama, malamin nan da ya yi wa'azi a arewacin Indiya ƙarnuka kafin haihuwar Almasihu. Babin gajere ne, amma ƙurar da ya tayar ta fi ta sauran duka.

Hujjar Paparoma biyu ce. Ta fari, addinin Buda ba shi da Mahalicci a cikin koyarwarsa, alhali kuwa Kirista ya dogara ne ga Allah wanda ya halicci duniya, ya kuma ƙaunace ta. Ta biyu, tsira a wurin mabiya Buda ita ce mutum ya yanke hulɗa da duniya har ya kai ga nirbana, wadda ya fassara da halin ko-oho game da ita.

Hujja ta fari ba ta da abin zargi. Mabiya Buda da kansu ba su musun cewa malaminsu bai koyar da Mahalicci ba. Bambanci ne na gaske, kuma wanda ya ɓoye shi don neman shiri ya cuci ɓangarorin biyu.

Amma hujja ta biyu ta yi rauni ƙwarai. Ma'anar nirbana mutuwar wuta, wutar da a ke nufi kuwa ita ce ta kwaɗayi da ƙiyayya da ruɗu. Littattafansu sun nuna Buda ya shekara 45 bayan wayewarsa yana yawo gari gari yana koyarwa saboda tausayin mutane. To, mai halin ko-oho ba ya ɗaukar wannan wahala. Paparoma ya siffanta addinin maƙwabci da siffar da maƙwabcin bai san kansa da ita ba, waƙa kuwa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Abin mamaki, tun 1965 Majalisar Vatican ta biyu, wadda shi ma ya zauna a cikinta, ta riga ta ambaci addinin Buda da girmamawa, ta ce Ikilisiya ba ta ƙin abin da ke gaskiya a cikin sauran addinai. Shi ne kuma ya gayyaci Dalai Lama zuwa taron addu'ar zaman lafiya a Assisi cikin 1986.

Sakamakon bai daɗe ba. Sa'ad da ya ziyarci Siri Lanka a watan Janairu na 1995, manyan malaman Buda suka ƙaurace wa zaman da aka shirya masa da shugabannin addinai a Kolombo. A wannan tafiya ya yabi halaye huɗu da mabiya Buda su ke ɗaukakawa: ƙauna, da tausayi, da murna da alherin wani, da natsuwa. Da waɗannan huɗu sun shiga babin tun farko, da wuya a ga kujerun nan ba kowa.

Saboda haka mai karatu zai amfana da babin in yana neman sanin inda Kirista ya tsaya. In kuwa abin da Buda ya koyar ya ke nema, sai ya tambayi mabiyansa.