Mamatan Da Ba Su Samu Kabari Ba: Nazari Kan Waƙoƙin Labari Na Wannan Zamani

A ƙarshen watan Nuwamba na 1781, matuƙan wani jirgin ruwa na fataken Ingila mai suna Zong suka fara jefa bayi cikin teku da ransu. Jirgin ya baro gaɓar ƙasar da yau ake kira Gana ɗauke da mutum 442, ya ɓace hanya ya wuce tsibirin Jamaika, sai matuƙan suka ce ruwan sha ya kusa ƙarewa. Mata da yara aka fara turawa ta tagogi. Kafin su tsaya, sun hallaka fiye da mutum 130. Da labari ya kai Landan ba a gurfanar da kowa kan kisan kai ba. Shari'ar da aka yi a 1783 ta kuɗi ce: masu jirgin na neman 'yan inshora su biya su fam 30 a kan kowane kai, kamar yadda ake biyan kayan da suka salwanta a hanya.

Daga irin wannan wuri ne wani reshe na waƙar zamani ya tsiro, musamman a hannun baƙaƙen fata na Amurka da tsibiran Karebiyan. Waƙoƙi ne dogaye masu ɗauke da labari, wani lokaci littafi guda waƙa ɗaya ce, kuma matattu ne ke magana a cikinsu. Sai dai kada mai karatu ya ɗauka fatalwa ce irin ta fim, wadda ke fitowa da farin ƙyalle don ta firgita mutane. Mamacin da ke cikin waɗannan waƙoƙi bai samu wanka ba, bai samu likkafani ba, ba a ma san sunansa ba. Shi ya sa ya ƙi kwanciya. Abin da marubucin waƙar ke ƙoƙarin yi, a fahimtata, jana'iza ce da aka makara da ita shekara ɗari biyu.

Wadda ta fi kowa nisa a wannan hanya ita ce M. NourbeSe Philip, haifaffiyar Tobago mazauniyar Kanada, wadda ta yi aikin lauya kafin ta koma rubutu. A littafinta Zong! na 2008 ta ɗora wa kanta wata ƙa'ida mai tsanani. Rahoton kotu na waccan shari'a shafi biyu ne kacal, kalmominsa wajen 500. Ta ce daga cikinsu kaɗai za ta gina waƙarta. Da farko ta riƙa sauya musu wuri, daga baya ta shiga farfasa su, tana ciro wasu kalmomin daga cikin harufansu, har da na Yarbanci da Larabci da wasu harsuna. Idan ka buɗe shafi za ka ga kalmomi a warwatse, kowace ta yi nesa da 'yar'uwarta, kamar kawunan mutane a kan ruwa. A ƙasan shafukan farko kuma ta jera sunayen Afirka da ta raɗa wa mutanen, tunda takardar kotu ba ta ambaci ko ɗaya ba. Har a bangon littafin ta nuna cewa ba ita ce mai labarin ba, wani daga cikin magabata ne ya faɗa mata, ta kira shi Setaey Adamu Boateng. Bahaushe ba zai wuce wannan Adamu da ke tsakiya bai ɗan tsaya ba.

Littafin yana da wuyar karatu, kuma ba zan ɓoye ba, akwai shafukan da ido ke gajiya ya rasa inda zai sauka. Amma wahalar da gangan ce. Philip tana ganin cewa idan ta tsara labarin ya tafi sumul, da farko da tsakiya da ƙarshe, to ta yi wa kisan ado, ta kuma yi ƙaryar sanin abin da babu wanda ya rubuta. Saboda haka ta bar labarin a kakkarye. Wanda ya ji ana karanta shi da baki, da numfarfashi da shiru a tsakani, shi ne zai gane cewa an yi shi don kunne fiye da ido.

David Dabydeen, ɗan Guyana, ya bi wata hanya dabam a waƙarsa Turner ta 1994. Shi daga zane ya taso, zanen jirgin bayi da J. M. W. Turner ya yi a 1840, wanda masana suka daɗe suna yabon launin samansa da igiyar ruwansa suna tsallake gawarwakin da ke ciki. Dabydeen ya ba wani nutsattsen bawa baki. Ruwa ya cinye masa tunani, sai ya shiga ƙirƙiro wa kansa uwa da ƙauye da 'yan'uwa, yana sane da cewa ƙirƙira ce. Nan ƙarfin waƙar yake, domin ta nuna cewa wanda aka ƙwace wa asali ko kewar gida ba ya iya yi da gaskiya.

Natasha Trethewey kuwa ba ta fasa komai ba. Littafinta Native Guard na 2006, wanda ya ci kyautar Pulitzer a 2007, cike yake da baitoci masu kari da amsa-amo, a ɗaure tamau. Ta haɗa mutuwa biyu. Ɗaya ta sojoji baƙar fata na Luwiziyana da suka yi gadin fursunoni farar fata a tsibirin Ship Island lokacin yaƙin basasar Amurka, waɗanda aka kafa wa fursunoninsu allon tunawa aka mance da su. Ɗayar ta mahaifiyarta ce, wadda tsohon mijinta ya harbe a 1985, Trethewey tana da shekara 19. A babbar waƙar littafin, wani soja da ya fito daga bauta yana rubuta abin da ya gani a cikin littafin ajiyar wani Bature da ya tsinta, rubutunsa na hawa kan na wancan. Wasu na cewa tsarin ya yi kyau da yawa ga irin wannan baƙin ciki. Ni ban yarda ba. Mai makoki da ya daure ya yi magana a nutse ya fi mai kururuwa sa mutane kuka.

Mu ma ba baƙi ba ne ga waƙa mai riƙe tarihi. Waƙar Bagauda ta jero sarakunan Kano tana tuna mana cewa duk sun shuɗe. Nana Asma'u ta yi marsiyyoyi ga 'yan'uwa da malamai, mata da maza. Alhaji Umaru Salaga ya waƙe zuwan Nasara. To amma dubi su wa ake ambata: sarki, malami, waliyyi, gwarzon yaƙi. Shi kansa Salaga, garin da ake jingina sunan Alhaji Umaru gare shi, babbar kasuwar bayi ce da fataken goro na ƙasar Hausa suka sani sarai. Waɗanda aka kama a hari aka zube a rinji, ko aka ɗaure aka ratsa Sahara da su, sun samu shiga labarin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, amma wannan zube ne.

Kuma ba sai an koma can baya ba. Akwai ƙauyukan Borno da Zamfara da aka binne mutane a rami guda, akwai iyayen da har yau ba su ga gawar 'ya'yansu ba. Marubuta waƙoƙinmu suna da kari, suna da amsa-amo, suna da jama'ar da ke sauraron waƙa a rediyo da waya. Su nemi sunayen nan tun masu tuna su suna raye.