Lantana, Tsakiya da Murjani: Yadda Ake Riƙon Dutsen Wuya a Ƙasar Illo

Yarinyar da aka raɗa wa suna Lantana a Bagudo ko Ka'oje ba lalle ta san sunan dutse take amsawa ba. Jan dutse ne mai tauri da ake haƙowa a yankin Kirtashi, gaba da Gaya a Jamhuriyar Nijar ta yau. Fatake Hausawa ke ɗoro shi a jiragen ruwa, su biyo Kwara ta Lolo da gefen Illo, su wuce Yawuri da Busa har Jebba, daga nan a kai shi Ilorin. Can ne masu sana'a ke fasa shi, su huda shi da ɗan tsinken ƙarfe suna bugawa suna juyawa da manja, su goge shi a kan dutse, su ƙarasa a kan katako sai ya yi sheƙi. Wata mai bincike, Ann O'Hear, ta yi rubutu a kan wannan sana'a a 1986, ta nuna yadda ta bunƙasa a ƙarni na 19, ta kuma durƙushe wajen shekarun 1930 bayan kayan Turai masu araha sun cika kasuwa. Dutsen ya ratsa ta ƙofar gidanmu ɗanye, ya dawo mana a wuyan amare.

Na daɗe ina duba abin da tsofaffin matan wannan yanki, Hausawa da Dandawa da Zabarmawa da Fulani, suke ajiyewa a ƙasan adudu. Abin da ya fi damuna shi ne kalma ɗaya da muke rufe su duka da ita: duwatsu. Da zarar an ce dutse, sai zuciya ta kwanta cewa ba ya lalacewa. Alhali abin da ke jere a zare guda sau da yawa halitta uku ce ko huɗu, kuma abin da ɗaya ke jurewa shi ne ajalin ɗaya.

Tsakiya da lantana dangin ƙanƙarar dutse ne. A ma'aunin tauri na Mohs, mai hawa daga 1 zuwa 10, suna wajen 7, wuƙa ma ba ta yi musu zane. Tsohuwar tsakiya daga Kambay take zuwa, a jihar Gujarat ta Indiya, inda ake gasa dutsen cikin tukwane don jansa ya fito. Daga tsakiyar ƙarni na 19 garin Idar-Oberstein na Jamus ya shiga cinikin, yana sayo dutse daga Barazil, ya rina, ya yanka daidai yadda matan Afirka ta Yamma ke so. Sai masu narka kwalba na Bohemiya suka kwaikwayi na Jamus ɗin. Saboda haka wadda ta ce tsakiyarta ta kaka da kakanni ce tana iya faɗin gaskiya, kuma ta zama ta Jamus ce.

Murjani kuwa, wanda Alƙur'ani ya ambata a Suratur Rahman, ba a ƙasa ake haƙo shi ba. Ƙashin wata halittar teku ne, jan ya fi fitowa daga Bahar Rum, ya ƙetaro Sahara a bayan raƙuma. Dangin alli ne da ɓawon katantanwa, taurinsa bai wuce 3 zuwa 4 ba, kuma tsami na cin sa. Ruwan lemon tsami, ruwan tsamiya, zufar da ta kwana a jikinsa, duk suna dusashe shi a hankali. A nan ne al'adarmu ta kwalliya take yi masa illa ba da sani ba. Amarya za ta sa sarƙarta, sannan a fesa mata turare, a shafa humra a wuya, ta tsuguna a kan kaskon turaren wuta. Hayaƙin na barin danƙo a jikin ƙwayar da cikin hudarta, ƙura ta zo ta manne. Ƙurar hunturu kuma akwai garin ƙanƙara a cikinta, mai tauri 7, don haka duk wadda ta goge murjani da busasshen gefen zane a watan sanyi, kankare shi take yi. Man bilicin da ya shigo yanzu ya fi duka muni, domin da yawansa akwai asid a ciki, kuma a wuya da ƙirji ake lafta shi.

Tsofaffi sun fi mu sanin wannan, ko da ba su san sunan Mohs ba. Wata gwaggona da ta yi aure a Illo ba ta taɓa sa murjaninta sai ta gama shafa da turare, jiki ya sha iska. In ta dawo daga biki shi take fara cirewa tun kafin ɗankwali, ta share shi da tsumma mai laushi da ta ɗan jiƙa, ta shanya a inuwa, ta naɗe shi shi kaɗai. Na taɓa tambayarta, "Gwaggo, me ya sa ba kya haɗa shi da sauran?" Ta ce, "Ɗan nan, tsakiya kishiyarsa ce, in suka kwana ɗaki ɗaya sai ta ci shi." Abin da masana duwatsu ke faɗa ke nan: mai tauri yana zana mai laushi. Yau kuwa gwangwani ɗaya ake zuba murjani da tsakiya da warwaron azurfa da 'yan kunnen gwal, a ɗora a babur zuwa Tsamiya ko Segbana suna ta karo da juna.

Sinawa ma suna da irin wannan riƙo ga koren dutsensu da suke kira yu, wanda ake samowa daga Hotan da kuma arewacin Bama. Sun yarda cewa sawa a jiki na ƙara masa kyau, suna kuma nisanta shi da zafi da turare da faɗuwa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ga tsakiya ma, don maiƙon fata da gogar tufa suna ba tsohon dutse wani laushin sheƙi da inji ba ya bayarwa. Amma korayen awarwaron da na riƙa a hannun 'yan koli da sunan dutsen Sin, yawancinsu kwalba ce ko rinannen dutse. Gwajin ba wuya: dutse na da sanyi a kunci kuma yana jinkirin ɗaukar ɗumi, kwalba kan nuna 'yan kumfa a ciki ko layin mahaɗi, roba ba ta da nauyi. Rinanne kuma yakan koɗe in ya daɗe a rana.

Duk da haka, abin da ya fi hallaka duwatsun gado shi ne zare. Bakin hudar tsakiya yana da kaifi, kullum yana cin zaren auduga, zufa da ruwan wanka suna ruɓar da shi daga ciki inda ido ba ya gani. Jigida ta fi shan wannan wahala tunda ba a cire ta. Matsalar tsohuwa ce: a cikin Bukhari an ruwaito yadda abin wuyan Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, na dutsen Zafar ta Yaman, ya tsinke a hanyar tafiya har ta koma nemansa. Maganin kuwa mai sauƙi ne, a sake zare tun bai nuna gajiya ba, a riɓa shi biyu, a yi ƙulli tsakanin ƙwaya da ƙwaya. Ƙullin yana hana su gugar juna, in kuma zaren ya tsinke ɗaya ce za ta faɗi, ba duka su watse a kasuwar Lolo ba. Zaren kamun kifi da ake amfani da shi yanzu ba na son sa. Yana bushewa ya karye ba gargaɗi, kuma yana yanka bakin murjani.

Akwai masu sa tsakiya don maganin baki ko kambun baka. Malamai sun yi magana a kan wannan, ni dai abin da na gani shi ne wadda ta ɗauki dutsenta a matsayin kariya ba ta yarda ta cire shi ko don a wanke, sai datti ya toshe hudar, zaren ya ruɓe.

Tun wajen shekarun 1970 dillalan tsofaffin duwatsu, Hausawa da yawa a cikinsu, suke bin ƙauyuka suna saye suna fitarwa Turai da Amurka. Ban ga laifin matar da ta sayar don yunwa ko asibiti ba. Wadda ke ba ni tausayi ita ce wadda ta ba da lantanar Ilorin a musanya da sabuwar sarƙa mai ƙyalli, don babu wanda ya taɓa gaya mata abin da ke hannunta. Da gwaggo ta rasu, an tsinke zaren murjaninta aka raba wa 'ya'yanta mata uku. Biyu sun sayar kafin shekara ta zagayo. Ta ukun ta kawo mini nata a ƙullin leda, ƙwaya goma sha ɗaya, tana tambaya ko na san mai iya ƙulli irin na Inna.