Galadima Mamman Nasir da Masu Ba da Labarinsa

Sa'ad da Allah ya yi wa Galadiman Katsina, Mai Shari'a Mamman Nasir, rasuwa cikin watan Afrilu na 2019, jaridu sun ba da labarin zamansa na duniya. Na karanta waɗanda suka zo hannuna, sai na ga duk hanya ɗaya suka bi, watau jera muƙamai kamar mai ƙidayar buhunan gyaɗa. An haife shi cikin 1929, ya koyo aikin lauya a Ingila. Ya zama Ministan Shari'a na Jihar Arewa cikin 1961, zamanin Sardauna. Ya shiga Kotun Ƙoli cikin 1975, ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 1978 har 1992, shekarar da Sarkin Katsina Muhammadu Kabir Usman ya naɗa shi Galadima, Hakimin Malumfashi. Duk gaskiya ne, ba ni da ja. Amma fa wannan lissafi ne, bai kai a kira shi tarihi ba.

Abin da suka bari kuwa shi ne abin da mutumin Batsari ko na Safana zai fi so ya ji. Dattawanmu sun san zamanin da alƙalin gunduma ke zaune kusa da hakimi, da shi da ɗan doka da gidan yari duk a hannun En'e. In shanu suka yi ɓarna a gona can gefen dajin Rugu, an san inda za a kai ƙara, ko da yake, a faɗi gaskiya, talaka ya sha wuya a wannan tsari ba kaɗan ba. To, daga 1967 zuwa gaba gwamnatin soja ta raba En'e da kotuna, sa'an nan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ɗauke mafi yawan ikon da ya rage. Ashe ke nan rawanin da aka naɗa wa Mamman Nasir babu kotu bayansa. Mutumin da ya shekara 14 yana shugabancin kotun da in ta yanke hukunci sai Kotun Ƙoli kaɗai ke warwarewa, ga shi ya zauna shekara 27 a zaure, ba shi da ikon ɗaure ko ɓarawon akuya.

Lalle nan labarin yake. Shi alƙali nesa da mutane a ke so ya zauna, kada ya sha ko ruwan gidan mai ƙara. Hakimi kuwa ƙofarsa a buɗe take, kowa ɗansa ne, in ya raba gardama yau, gobe da asuba sai ya gamu da wanda aka ba rashin gaskiya a masallaci. Ƙaƙa mutum ɗaya ya ɗauki waɗannan kaya biyu? Wane hali ya ajiye a Ikko, wane ya zo da shi gida? Marubutan nan ko tambaya ba su yi ba.

Irin wannan ta auku a ƙasar Gana, a kan kujerar da ta fi kowace. Edward Akufo-Addo shi ne Babban Jojin ƙasar tun 1966, aka mai da shi Shugaban Ƙasa cikin 1970, alhali kuwa ikon yana hannun Firayim Minista Busia, kuma cikin Janairu na 1972 soja suka kawar da su duka biyu. Can ma kwarjinin alƙali aka nema, ba hukuncinsa ba.

Wanda duk zai rubuta tarihin Galadima sosai, sai ya rufe takardun kotu tukuna, ya tafi Malumfashi ya zauna da dagatai da masu unguwa, ya tambaye su yadda yake sauraron rikicin gado da na iyakar gona, da kuma abin da yake yi in mutum ya ƙi sulhu. Mu nan muna da bukatar wannan amsa, domin Sarkin Ruma a Batsari da Yarima a Safana irin wannan rawani ne a kansu, kuma gabansu manomi da makiyayi ke fara zuwa su durƙusa. Dattawan Malumfashi da suka zauna zauren Galadima kuwa kullum raguwa suke yi.