Sharhi a kan Guntayen Bidiyo a Littafin Koyon Python na Runestone

Littafin da za mu yi sharhi a kansa shi ne How to Think Like a Computer Scientist, wanda asalinsa aikin Allen Downey ne da Jeffrey Elkner da Chris Meyers. Daga baya Brad Miller da David Ranum, waɗanda a lokacin malamai ne a Kwalejin Luther ta jihar Ayowa a Amurka, suka mayar da shi littafin intanet a ƙarƙashin shirin Runestone. A wannan sabon salo ɗalibi yana rubuta umarnin harshen Python a cikin shafin da yake karantawa, ya danna maɓalli, nan take ya ga sakamako. An kuma sanya guntayen bidiyo a wasu sassa, inda ake jin muryar malami yana bayani. Waɗannan guntaye su ne abin nazarinmu.

Ba shakka akwai inda bidiyo ya fi rubutu. Umarnin kwamfuta abu ne mai tafiya daki-daki, rubutu kuwa a tsaye yake. Idan ana son nuna yadda ƙimar da aka ajiye take sauyawa duk lokacin da umarni ya maimaita kansa, gani ya kori ji. Sai dai littafin yana da wata hanya mai suna CodeLens, wadda aka gina a kan aikin Philip Guo, inda ɗalibi yake bin umarnin layi-layi, ya yi gaba ko ya koma baya yadda ya ga dama. A ganinmu wannan ta rage wa bidiyon daraja ƙwarai, domin a nan ɗalibi ne ke riƙe da linzami, a bidiyo kuwa ɗan kallo ne kawai.

Shi wannan Guo ɗin, tare da Juho Kim da Rob Rubin, sun yi nazarin kallon bidiyo har sau miliyan 6.9 a darussan edX a shekarar 2014. Sun gano cewa galibi ɗalibi ba ya wuce kimanin minti 6 yana kallo, komai tsawon bidiyon. Abin lura shi ne, tsawon kallo suka auna, ba fahimta ba. Mutum na iya kallon malami yana warware matsala har ƙarshe, ya ji kamar ya iya, a ba shi allon rubutu ya rasa ta inda zai fara.

Wata matsalar ita ce tsufa. Da aka fito da Python 3 a 2008, yadda ake rubuta umarnin print ya sauya, kuma an daina kula da Python 2 a farkon 2020. Gyaran irin wannan a rubutu aikin ƴan mintoci ne, amma bidiyo sai an sake ɗauka. Haka kuma ba a iya kwafo layin umarni daga cikin hoto, ba a kuma iya neman kalma a cikinsa cikin sauƙi.

Abin da ya fi shafar ɗaliban harshe kuwa shi ne murya. Bidiyon da Ingilishin Amurka aka yi shi. Ɗalibin da ya yi karatu da Faransanci a Yamai ko Marwa zai iya bin rubutun Ingilishi sannu a hankali da ƙamus a gefe, amma magana ba ta jiran kowa. Mai son fassara littafin zuwa Hausa zai iya juya rubutun shafi-shafi, ya bar kalmomin umarni irin su for da while yadda suke, tun da kwamfuta ba ta karɓar wasu. Bidiyon kam sai ya nemi mai murya da na'urar ɗauka, ya kuma daidaita tsawon jimlar Hausa da motsin da ke kan allo. Ga kuma kuɗin data, wanda minti guda na bidiyo yake ci fiye da shafuka da dama na rubutu.