3.2 Fasalin Riyal na Mariya Tereza da Tarihinsa

Sunan tala, wanda daga gare shi kalmar dala ta samo asali, ya fito ne daga kwarin Yowakimstal a Bohimiya, inda aka fara buga manyan kuɗin azurfa wajen 1520. Wanda za a duba a nan shi ne na Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya daga 1740 zuwa 1780, musamman bugun garin Günzburg da ke Jamus ta yau. Nauyinsa ya ɗan haura giram 28, kuma kashi 833 cikin 1,000 azurfa ce.

Idan aka dubi fuskar kuɗin za a ga sarauniyar ta manyanta, tana sanye da mayafin takaba, domin mijinta ya rasu a 1765. Mai zanen bai yi mata kwaskwarima ba. Ya bar mata ƙiba da nauyin haɓa yadda suke. A nan ne ƙarfin zanen yake, wato mai riƙe da kuɗin yana ganin mutum ce, ba gunki ba. Ƙarƙashin hoton akwai haruffa S.F., farkon sunayen jami'ai biyu na gidan buga kuɗin.

Bayan kuɗin kuwa bai kai fuskar ba. Gaggafa mai kai biyu da garkuwa da kambi sun cunkushe wurin, rubutun Latin kuma duk a taƙaice yake, talaka ba zai fahimce shi ba. Har ila yau rubutun yana kiran ta mai sarautar Burgundi, alhali asalin wannan ƙasa tana hannun Faransa tun bayan 1477. Wannan kirari ne, ba tarihi ba. Rubutun gefen, mai ma'anar adalci da sassauci, ya fi amfani, domin yana tona asirin duk wanda ya kankare azurfar.

Babbar matsalar ita ce shekarar. Bayan rasuwar sarauniyar an ci gaba da buga kuɗin da 1780 a jikinsa, har a Landan da Roma a ƙarni na 20, saboda fataken Arabiya da Habasha da Barno da Kano wannan siffa suka amince da ita. Don haka mai nazarin tarihi da ya tsinci riyal a ƙasar Hausa ba zai dogara da shekarar da ke jikinsa ba, sai ya bi ƙananan bambance-bambancen zanen kafin ya ce ga inda aka buga shi.